Tafiya da Gwilym

Ranar Alhamis na ɗauko shi daga gidan tsofaffi na Knighton.
Ni na ɗaure masa igiyar takalmi,
shi da ya koya mini ɗaurin ina 'yar shekara biyar.
Ya dube ni, ya kira ni Nesta.
Sunan innarmu ke nan. Na amsa.
Amsawa ba ta cin kuɗi.

Satumba ta yi nisa, rana ba ta sallama ba tukuna.
Raɓa ta kwana a kan saƙar gizo-gizo.
Muka bar mota a bakin gada,
muka bi siririyar hanyar da ƙafa ta sare
tun kafin a haifi kakanmu.

A daji ganye bai gama shawara ba:
rabi kore, rabi ya soma ja ta gefe
kamar takardar da wuta ta lasa.
Ƙasa na ƙanshin naman kaza da ruɓaɓɓen itace.
Kurege na ta jidar guzuri, ko kallo ba mu ishe shi ba.
Nan Gwilym ya saki hannuna.
Ya wuce gaba.

Mutumin da jiya ya ɓata tsakanin gado da ƙofa,
yau ga shi yana nuna mini gonaki da sanda:
wannan Gonar Rijiya,
waccan Gonar Gwauro, ba ta taɓa yin sha'ir na kirki ba,
can ƙasa inda ruwa ke kwanciya
goɗiyar Pugh ta nutse har ƙirji, shekarar ambaliya.
Bai san shekarar da muke ciki ba,
amma ya san inda taɓo yake, ya kauce.
Ni ce na faɗa har idon sawu.

An girbe alkama. Saura tushiya da hankaki masu kala.
Dammunan ciyawa, an naɗe su cikin baƙar leda,
sun yi layi kamar shanu a kwance.
Makwarwa ta tashi fir daga gabanmu,
gabana ya faɗi, shi ko ya yi dariya.
Muka tsinki baƙaƙen 'ya'yan ƙaya a jikin shinge,
ƙaya ta karɓi ladanta a yatsuna,
leɓensa ya rine kamar na yaron da aka aika
ya cinye saƙon a hanya.

A ƙauye gidan waya ya zama masaukin baƙi,
makaranta na rufe da kwaɗo,
ƙararrawar coci ce kaɗai ba ta yi ritaya ba.
Tsattsewa sun jeru a kan waya suna ƙidayar juna,
gobe ko jibi za su yi kudu.
A ƙofar gidanmu na dā, da aka shafa wa shuɗin fenti,
ga kwandon tuffa da 'yar takarda: a ɗiba kyauta.
Ya ɗauki ɗaya, ya sansana.
"Baba ya yi gaggawar kaɗe su," in ji shi,
"da ya ƙara musu mako."
Matar gidan ta leƙo ta taga, ta ɗaga hannu.
Ba ta san mu ba. Mu ma muka ɗaga.

Shayi muka sha a kan katangar maƙabarta, murfin filas ɗaya.
Sunan Nesta na nan a dutse, layi na uku.
Na zaunar da shi ya ba dutsen baya.

Da yamma, a komawa,
muka iso 'yar matakalar katako da ake haura shinge da ita.
Ya haye kafin in kama shi,
ya juyo, ya miƙo mini hannu.
"Yi a hankali, 'yar ƙarama. Katako na biyu yana rawa."

An sake katakon nan tun tuni,
sabo ne, ƙusoshinsa na ƙyalli.
Na kama hannun.
Na taka a hankali.